Sanduna Tara da Suka Rage a Zauren Habu

Shekara bakwai ke nan, a wannan damina, da muka kai ƙanena Habu makwancinsa. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan sa a dafa abinci a raba wa maƙwabta a nan Yalwawa, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Har yau akwai kayan mutane a wuyan Habu, kuma ba shi ne ya hana a mayar musu ba, ni ne. Dalilin da ya sa na roƙi wannan fili ke nan.

Habu kafinta ne, ni kuwa malamin makaranta, da hedimasta ma na yi ritaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, gida ɗaya muka gada, ni da iyalina a sashen gabas, shi da matarsa Binta a na yamma, zaure ya haɗa mu. Shekara goma sha ɗaya na ba shi, don haka na saba tun yana yaro in faɗa ya bi. Abu ɗaya ne ya ƙi bi na a kansa, shi ne gyaran sandar sinuka.

Ga wanda bai sani ba, sinuka ita ce wasan nan da ake yi a kan teburi mai koren ƙyalle, ana zungurar ƙwallaye da doguwar sanda suna faɗawa rami. Lokacin da teburan suka fara yawa a Dutse, wani ya kawo wa Habu sanda, 'yar fatar da ke bakinta ta fita, ya ce ko zai liƙa masa. Ya liƙa, washegari ta sake fita. Habu kuwa ba abin da ya tsana kamar aiki ya dawo masa. Ya yi mako biyu yana fama da fata da gam har ya gano kan abin, daga nan maganarsa ta bazu a rumfunan wasa, aka fara yi masa sallama da sanduna a hannu.

A zaurenmu ya kafa wurin aikin, ba da shawarata ba. Ya ɗauko keken ɗinkin marigayiya Inna ya cire kansa, ya haɗa wasu ƙarafa yadda idan ya taka da ƙafa sanda za ta riƙa juyawa yana gogarta da samfefa. Ranar na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya samo dogon gilashi na kantar wani shago da aka rushe, a kansa yake mirgina sanda. In ta tafi sumul lafiyarta ƙalau, in ta yi ɗingishi ta tanƙware. Fata kuwa kirgi yake saya wurin dukawa a kasuwar Ringim. Binta ce ke fere shi siriri-siriri, ta jera hawa-hawa da gam, ta danne da dutsen niƙa kwana uku, shi kuma ya yanka ya liƙa, ya kankare bakin har ya yi daidai da gefen tsohon kwabo. Abin dariya, shi kansa bai iya wasan ba. Na taɓa jin samari suna tsokanarsa, wai likitan da bai taɓa shan magani ba.

Sandar da ta tanƙware ita ce mai cin lokaci. Yakan kara ta a tiririn buta, ya miƙar da ita da hannu a hankali, sannan ya rataye ta a azara da igiya, ya ɗaura mata dutse a ƙasa, ta yi makonni tana lilo. Wata rana na sauke ɗaya na jingina da bango don in wuce da babur ɗina, sai ga shi da sauri. "Haba Yaya, sanda ba a jingina ta," in ji shi. "Ko mutum ne ya cika jingina, bayansa sai ya tanƙware." Na ce masa ya raina ni. Ya yi dariya ya mayar da ita inda take.

Habu bai yi nisa a boko ba, kuma ba ya rubuta sunan kowa. Dabararsa ita ce ragowar zaren Inna. Duk wanda ya kawo sanda zai zaɓi launi, Habu ya yi ƙulli ɗaya ko biyu ko uku, ya yanko biyu iri ɗaya, ya ɗaura guda a igiyar da sandar ke rataye, ya ba mai ita guda. Ranar karɓa ka kawo zarenka, a haɗa, ka ɗauki kayanka. Ban taɓa jin an yi rikici a kan wannan ba.

Ni dai abin kunya yake ba ni, ba zan ɓoye ba. Gidanmu gidan karatu ne, ga ni hedimasta, ina korar yara daga rumfar sinuka da rana, in dawo gida in tarar da sandunan suna lilo a zaurena. Na sha gaya masa wasan 'yan zaman banza ne, kuma ana caca a kansa. Yakan ce, "Yaya, maƙeri ba ya bin wuƙa gida ya ga abin da aka yanka da ita. Ni katako aka kawo mini." Ban taɓa yarda da amsar nan ba, har yanzu ma ban ce na yarda da ita duka ba. Amma da wannan aiki ya ciyar da iyalinsa a shekarun da aikin kujera da ƙofa ya yi ƙasa, bai taɓa zuwa ƙofata neman ko mudun gero ba.

Ciwon nasa kwana huɗu ne. Muna fita da shi zuwa asibiti, a riƙe, ya tsaya a zaure ya ɗaga kai ya dubi azara. Sanduna goma sha biyu ne a rataye. Ya ce, "Yaya, kayan mutane ne. Kada a taɓa zaren." Na ce masa ya bar zancen banza ya shiga mota. Wallahi na ɗauka zafin zazzaɓi ne ke sa shi surutu. Ita ce cikakkiyar magana ta ƙarshe da ya yi mini.

Da muka dawo daga maƙabarta aka ce a gyara zaure don zaman makoki. Na tsaya na dubi sandunan nan, na tuna malaman unguwa za su zo, abokan aikina za su zo, manyan mutane za su zauna a ƙarƙashin kayan sinuka suna yi mini ta'aziyya. Kunyar mutane ta rufe mini ido. Na karɓi wuƙa na bi su ɗaya bayan ɗaya na yanke, igiya da zare da duwatsu aka share aka zubar a bola. Sandunan na kwashe na kai ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gida, na jingina su a lungu, na sa kwaɗo. Binta tana cikin ɗaki cikin mata, ba ta sani ba sai da aka share makoki.

Masu kayan sun zo. Wasu sun yi gaisuwa, kunya ta hana su tambaya, suka tafi. Waɗanda suka tambaya na ce musu gidan nan ba gidan caca ba ne. Akwai wani dattijo, Malam Sabo, direban motar haya daga Ringim, sau uku yana zuwa. Ya ce sandarsa abokin tafiyarsa ne ya bar masa kafin ya rasu, ba don wasa yake nemanta ba. A zuwa na uku na ce masa, da furfurarsa bai ji kunya ba? Ya dube ni ya ce, "Allah Ya jiƙan Habu," ya juya. Binta ma da ta fita takaba ta durƙusa a gabana ta ce, "Yaya, a ba ni mabuɗin, na san masu wasu daga ciki, in sallame su." Na ce mace ba za ta tsaya a ƙofar gidana tana ma'amala da 'yan sinuka ba. Ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta a Miga.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da zai leƙo Dutse ta yau. Teburan sun ninka, kusan kowace unguwa akwai rumfa, amma ban san mai gyara irin nasa ba. Sanda ta lalace a yar, a sayi ta roba mai araha. Kwanaki na ga wani ya liƙa guntun silifas a bakin tasa yana bugawa, na ji kamar in yi masa faɗa, ni da na yi shekaru ina zagin sana'ar. Habu zai yi tsaki ne kawai ya ce a kawo. Abin da ban iya tunaninsa ba shi ne abin da zai ce da ni.

Farkon daminar bana rufin ɗakin ajiyar ya fara yoyo, dole na buɗe. Suna nan a lungun da na bar su, damina bakwai sun sha danshi a jingine, kowacce ta lanƙwashe kamar bakan maharbi. Na zauna a bakin ƙofa na rasa abin da ke mini daɗi. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Na ɗaure su a bayan babur na nufi Miga. Binta ta karɓe ni da mutunci fiye da yadda na cancanta. Ta bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ta gane masu uku daga ciki, don ta tuna irin fatar da ta fere wa kowannensu, sauran ta ce ba zare ba shaida. Na tambaye ta ko za su miƙu. Ta ce, "Da shekara ɗaya ce, Yaya, da an gwada."

Biyu na mayar wa masu su a nan cikin gari, suka karɓa suna mamaki. Ta uku ta Malam Sabo ce. Na same shi a Ringim a kan tabarma, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ya daina tuƙi. Na ajiye sandar a gabansa na faɗa masa gaskiya duka. Ya sa hannun da ke aiki ya laluba aljihu, ya zaro tsohuwar jakar lasisinsa. Daga cikinta ya fito da guntun koren zare mai ƙulli uku, ya miƙo mini. Shekara bakwai yana ɗauke da shi. Ba ni da ɗan'uwan zaren da zan haɗa da shi. Na roƙe shi ya yafe wa Habu. Ya ce, "Habu bai ci amanata ba, Malam, me zan yafe masa? Kai ne dai sai na yi tunani." Ban ga laifinsa ba.

Habu bai bar gona ba, bai bar mota ba. Keken Inna ya yi tsatsa, gilashin ya fashe tun a hayaniyar makoki. Abin da ya bari shi ne mutumin da zai adana guntun zare shekara bakwai don ya tabbata wanda ya ba shi ba zai ci kayansa ba. Ni da takardun shaidata da muƙamina ban san wanda zai yi mini haka ba.

Saura tara. Na mayar da su zaure na rataye a azara, kowacce da dutsenta, ko da yake Binta ta gaya mini aikin banza ne. Yanzu duk wanda ya shigo gidana, malami ne ko babban mutum, a ƙarƙashinsu yake zama, in ya tambaya in gaya masa. Idan ka taɓa kai wa Habu kafinta sanda a Yalwawa ba ka karɓa ba, don Allah ka zo, da zare ko ba zare, ka duba ka ɗauki taka. Ba za ta yi maka wasa ba, na riga na lalata ta. Ka zo ne kawai ka sauke wa ƙanena kayanka daga wuyansa, faɗan kuma ka yi shi da ni.

Allah Ya jiƙan Habu, Ya sa kada a tambaye shi abin da hannuna ya yanke.