Tudun da Kakana Yake Yi Wa Sallama

Wanda bai zauna a Riyad ba ba ya yarda cewa sanyin garin yana sa haƙora kaɗawa. A irin waɗannan watanni ne Inna, kakata ta wajen uba, take hura gawayi a kasko bayan Magariba, a saman gidanmu na unguwar Utaiqa, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Ni da ƙannena biyu mu kewaye ta, kowa ya duƙunƙune cikin bargonsa. Sunanta aka sa mini, saboda haka ba ta kirana da komai sai Takwara.

Hausarmu a lokacin abin tausayi ce, don a makaranta Larabci, a titi Larabci. Idan ta ce, "To, ga ta nan tafe, wa zai tarbe ta?" sai mu haɗa baki mu ce, "Yalla, ta shigo!" Ta girgiza kai ta ce, "Ku ji mini 'ya'yan nan, tatsuniyar ma sai sun ce mata yalla."

Tana da labaran kura da na zomo, amma wanda muka fi roƙo shi ne na "mutumin nan". Haka take ce masa, ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Mun san kakanmu ne, mijinta, kunya ce irin ta mutanen da ta hana ta ambatonsa.

Mutumin nan magini ne, in ji ta, ya zo aikin Hajji daga ƙauyensu, sai ya zauna neman abinci. Aka samar masa aikin shara a wata kwaleji da ke arewacin gari, inda malaman ƙasashen waje suka gina filin wani wasa da ake kira besbol, wanda ake dukan ƙwallo kamar lemo da kulki. Ranar farko da safe ya shiga da tsintsiyarsa, sai ya ga tudun jar ƙasa a tsakiyar fili, da wani farin abu kwance a kansa. Ya ce, Allah sarki, wani bawan Allah ne aka binne a nan shi kaɗai. Ya cire takalmi, ya yi sallama, ya yi addu'a, ya share gefen tudun a hankali.

Da la'asar aka fara wasa. Sai ga wani dogon saurayi ya hau tudun da takalmi, har yana tona shi da ƙafa kafin ya yi jifa. A nan Inna kan miƙe zaune ta ware hannu. "Sai mutumin nan ya yar da tsintsiya! Ya keta tsakiyar fili, ya riƙe rigar yaron mutane, yana cewa, haram, haram!" Mu kuwa mu yi ta birgima don dariya, ko da mun ji shi sau ɗari.

Wasa ya tsaya, har ana maganar kiran kafili, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, a sallame shi. Wani Basudane ne ya tambaye shi dalili, ya fassara wa malaman, aka bushe da dariya, aka gaya masa cewa wurin tsayuwar mai jifa ne kawai. Amma mai horar da 'yan wasan ya lura da yadda aka lallaɓa ƙasar wurin, sai ya ce daga yau mutumin nan ne zai riƙa kula da tudun. Shekara da shekaru kullum da safe yake cike ramin da ƙafa ta tona, ya yayyafa ruwa, ya daɓe shi kamar daɓen ɗakin amarya. Ya dasa magarya a bakin filin don ya sami inuwa, taku talatin daga tudun. Sallamar kuwa bai taɓa dainawa ba, ya ce bakinsa ya riga ya saba.

Idan ta kawo nan muryarta kan yi ƙasa. A Riyad ya rasu, aka binne shi a maƙabartar da ba a rubuta suna, mata kuma ba sa zuwa. Ba ta san inda yake kwance ba, tudun ma ba ta taɓa gani ba. Takan tona gawayi ta ce, "Takwara, in kin girma ki kai ni in gan shi." In ce, "Wallah zan kai ki, Inna." Ta ce, "Da wace motar? Tashi, labari ya koma gida."

Na girma, lokaci ya canza, aka bar mata su yi tuƙi, na sami lasin da 'yar motata. Sai na yi ta cewa Juma'a mai zuwa. Na ji kwalejin ta tashi, na ji leburori suna buga ƙwallon ƙafa a filin, duk da haka ban je ba. Ina jin kunyar wannan har yau. Sai da aikin Baba ya ƙare, iƙamar Inna, wato takardar izinin zamanta, ta ƙare tare da shi, aka sa ranar komawarsu gida ƙasarmu, sannan hankalina ya tashi.

Ranar tafiyar na ɗauke ta da wuri, na ce wa Baba mu haɗu a filin jirgi. Da muka isa inda kwalejin take, ban ga komai ba sai shaguna da shimfiɗaɗɗiyar kwalta ta ajiye motoci. Idanun Inna sun riga sun yi rauni, har na yi tunanin in nuna mata kowane tudu in ce shi ne. Ta ce, "Mun iso?" Na kasa yi mata ƙarya. Na ce, "Inna, sun baje shi. Laifina ne."

Ta ce, "Duba mini, babu magarya?"

Akwai. Tana can jikin katanga, ta tsufa, ta sha ƙura. Na kai ta gindinta, ta shafa ɓawon, ta juya ta fuskanci fili, ta fara takawa tana ƙirgawa, hannunta a kafaɗata. A na talatin ta tsaya, tsakiyar hanyar motoci. Ta zare takalmanta a kan kwalta mai zafi, ta ce, "Salamu alaikum, Malam." Ta ɗaga hannu ta fara addu'a.

Sai ga wata babbar mota ta nufo mu tana hon. Ban san lokacin da na yar da jakata na sha gabanta ba, hannu a ware, ina cewa, "Lahza! Dakata!" Direban ya dube ni, ya dubi tsohuwa ba takalmi, ya kashe motarsa ya jira. Da ta shafa addu'a ta ce, "Takwara, ashe ke ma kin iya tsayar da wasa." Dariya muka yi, muna kuka.

Da ina yarinya na ɗauka labarin wani baƙauye ne da ya yi kuskure aka yi masa dariya. Yanzu na gane abin da take gaya mana a bakin kaskon nan: mutum ne da ya ga ƙasa ya zaci akwai wani a ciki da ba shi da kowa, sai ya tsaya masa. Inna ta rasu a can gida bayan shekara biyu, ni ma ban ga kabarinta ba. Duk Juma'a da safe, kafin shaguna su buɗe, nakan ajiye mota a gindin magarya in yi taku talatin. Nakan cire takalmi in yi musu sallama su biyun.