Mijinyawa Ɗan Yauri a Tekun Mamzar

A bayan tashar bas ta Al Sabkha a Dubai akwai wani lungu na masu gyaran waya, a nan Malam Mijinyawa yake da tebur. In ka tarar da shi a zaune, kafaɗunsa za ka fara gani, faffaɗa kamar na ɗan kokawa. Sai ya miƙe ya jawo sandunansa biyu za ka lura ƙafarsa ta hagu ba ta kai kaurin damtsensa ba. Shan inna ce ta kama shi tun yana rarrafe, a Yauri, cikin gidan masunta.

Mahaifiyarsa ba ta so ya kusanci kogi ba. Kakansa ne ya faki idonta wata safiya, ya ɗora shi a kwalekwale, ya ɗaura masa gora a ƙirji, ya sake shi cikin ruwa. Tun daga ranar, in taru ya maƙale a ƙarƙashi, shi ake kira ya nutse ya kwance. Da ya girma ya koyi gyaran waya a Kano, wani ɗan kasuwa ya yi masa biza ya kawo shi Dubai. Shekara da shekaru yana hawa abra, ƙaramin jirgin fito, yana tsallakawa zuwa unguwar Bur Dubai, yana kallon ruwan, bai taɓa shiga ba. A ganinsa iyo a garin nan na masu yawon buɗe ido ne.

Ni sunana Sulaiman, a kantin magani nake aiki. Ni da abokaina biyu, Ɗalhatu injiniya da Kamal mai harkar jigilar kaya, tumbi ne ya kore mu daga fulat ɗinmu na Hor Al Anz muka fara gudun asuba. Daga gudu muka sayi kekuna, muna zuwa hanyar keke ta Al Qudra a cikin sahara. Sai Ɗalhatu ya kawo mana maganar triathlon, gasar da ake yin iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, duk a jere. Gudu da keke mun iya. Teku ce ta gagare mu. Kamal ko leƙa ta ba ya so, ni kuma in na shiga, abin da na sha ya fi abin da na yi na iyo.

Wata Juma'a igiyar ruwa ta jiƙa min waya a bakin tekun Mamzar, na kai wa Malam Mijinyawa. Ya buɗe ta, ya ga gishiri, ya ɗago.

"Ƙanena, me ya kai ka teku?"

Na yi masa bayani. Na ƙara da cewa akwai wani rukuni a gasar da mutum uku ke rabawa, ɗaya iyo, ɗaya keke, ɗaya gudu, amma ba mu da mai iyo. Ya ci gaba da goge wayar. Har na kai ƙofa ya ce, "Ran Asabar ku biyo ku ɗauke ni."

Asabar ɗin muka isa rana na fitowa. Ya doddogara har inda yashi ya jiƙe, ya miƙa wa Kamal sandunan, ya ja jiki ya shige. Ya ɗanɗana ruwan ya tofar. "Kai! Wa ya zuba wa kogin nan gishiri haka?" Muna cikin dariya ya miƙe a kan ruwan ya tafi.

Dariyar ta tsaya. Ba ya bugun ruwa kamar yadda muke yi, ba fantsama, ba haki. Hannu ya fita, ya shiga, jikin ya zame gaba, ƙafar nan tana binsa a baya kamar igiya. Kafin mu farga kansa ya koma ɗan ɗigo can wajen tutar da ke iyakar masu iyo. Mai gadin bakin teku, wani Bafilipine, ya tashi tsaye da usur a baki, ya daɗe yana kallo, ya cire usur ɗin ya zauna. Ɗalhatu dai "Subhanallahi" kawai yake maimaitawa.

Ranar gasa, lokacin sanyi ne, iska ta tayar da ruwan. An cika maƙil, Turawa, Larabawa, Indiyawa, kowa cikin baƙar rigar roba. Malam Mijinyawa dogon wando ya sa zuwa ƙasan gwiwa da hular da aka raba. Da aka busa, jama'a suka ruga cikin ruwa da gudu, shi kuwa da rarrafe ya shiga, na ƙarshe. Na tsaya da sandunansa a hannu. Kawuna ɗaruruwa masu hula iri ɗaya, ban san wanne ne nasa ba.

Cikin 'yan farkon da suka fito har da shi. Ya taso daga kumfa a kan hannuwa biyu da gwiwa ɗaya, yana jan jiki a kan yashi da wani irin sauri. Ihu ya ɓarke. Wani dattijon Balarabe ya jefar da kofin shayinsa yana bin sa a gefe yana cewa, "Yalla habibi! Yalla!" Na cusa wa Malam Mijinyawa sandunan, ya kai wa Ɗalhatu abin da ake ɗaurawa a ƙafa don lissafin lokaci, ya daka masa tsawa, "Malam, hau keke mana, kallon me kake yi?"

Ba mu ci gasar ba, don ni da Ɗalhatu mun zubar da duk tazarar da ya ba mu. Bai damu ba. A mota muna komawa ya tambayi Kamal, "Wanda ya yi duka ukun shi kaɗai, kai biyu gare shi?"

Shekarar da ta biyo baya na ga abin da ban taɓa gani ba. Ɗalhatu ya gyara masa keke yadda ƙafar dama za ta tura ta kuma jawo, ta hagu tana ɗaure a mazauninta. Ya faɗi ba adadi. Gudu kuma da sanduna yake yi, yana wurga jiki gaba, har tafin hannunsa ya yi kanta a kan kanta. Gwajinsa na farko na yin duka ukun a gasa bai kai ba. Hannun ya fashe ana tsakiyar gudu, jini na bin sandar, ma'aikatan lafiya suka tsayar da shi. Ya zauna a gefen titi ya ce, "Khalas, na yau ya wuce," ya nemi ruwa ya sha.

A karo na biyu mu ukun, da ya koya mana iyo, mun riga mun gama, sai muka koma baya muka taro shi. Rana ta yi sama, an fara kwashe shingaye. Muna tafe a gefensa, ba ka jin komai sai ƙarar sanda a kan kwalta da numfashinsa. Wani Bature da lambar yabonsa a wuya ya ajiye kekensa ya biyo mu, sai wata mata 'yar Indiya, sai wasu. Da muka kai layin ƙarshe mun zama ayari. Ya tsallaka, ya jingina da ni, nauyinsa kamar buhun siminti, ya ce a nuna masa alƙibla. Ya yi sujada a kan dardumar gasar, Kamal yana gefe yana kuka bai ko ɓoye fuska ba.

Washegari da safe ya buɗe teburinsa kamar kullum, hannu a naɗe da bandeji. Yanzu duk Asabar yana Mamzar da ɗalibai, yawancinsu alhazan Kano ne da suka zo sayayya suka ji labari. Makon jiya na tarar da shi a ruwa zuwa ƙirji, ya tallafi wani babban ɗan kasuwar atamfa da hannu ɗaya, yana cewa, "Alhaji, saki jikinka, shwaiya shwaiya, a hankali. Ina riƙe da kai."