Ƙanƙara a Kan Kwamfutar Oga

Ko da zan manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da kwamfutar shagonmu ta kama da wuta ba. A lokacin da mutanen Mubi da Michika suka gudo suka cika Jimeta, ina aiki a shagon hoto na wani Inyamuri da muke kira Oga, mutumin kirki amma mai gaggawa kamar zai tashi sama. Kullum layin 'yan gudun hijira masu son hoton rajista har bakin titi, kwamfutar kuwa tana jan ƙafa.

Sai Oga ya gano a intanet cewa ana iya ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu idan aka ƙara mata ƙarfin wuta. Abin da ya tsallake shi ne, ana ƙarawa ne kaɗan-kaɗan ana duba zafi, kuma masu wannan wasa ba a Yola suke zaune ba. Mu kuwa bazara ce, ko kujera ka taɓa sai ta ƙona ka. Da zafinta ya doshi na tafasar ruwa, sai ta rage gudu ko ta kashe kanta. Na ce, "Oga, tana kuka fa." Ya ce, "Na laziness, lalaci ne kawai! Kwamfuta ba ya kuka." Ya ƙara wutar, ya kashe abin da ke gargaɗin zafi, ya buɗe murfin, ya sayo ƙanƙara ya ɗora a faranti a kanta, yadda muke yi wa ruwan sha.

Ana haka wata dattijuwa ta kawo ragargajajjiyar waya. Hoton ɗanta ne a ciki, wanda suka rabu a daji wajen gudu, tana so a wanke ta riƙa nunawa a sansanoni. Da ƙyar na kwashe hoton zuwa kwamfutar, wayar ta mutu murus a hannuna. Na ce, "Dada, ki dawo bayan la'asar."

Ba a kai la'asar ba farantin ya yi gumi, ya fara ɗiga ciki. Sai ji muka yi tas! Hayaƙi ya turnuƙe, ƙaurin roba ya cika shagon. Oga ya ɗora hannu a ka. Mai gyara ya zo ya ce har faifan ajiya, inda hoton yake, ya soye.

Da dattijuwar ta dawo na faɗa mata hoton ya salwanta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ka gan shi ɗazu. Tabon goshinsa, a dama yake ko a hagu? Na fara mantawa."

Wallahi ban lura ba. Har yau tambayar tana hana ni sukuni.

Tun daga ranar, in na'ura ta ce ta kai iyakarta, ba na musu da ita, domin ba kullum mai ganganci ne yake kwana a ciki ba.