Katangar da Ta Raba Mu da Turken Alhaji

Shekarar da aka mayar da ni aiki Kabo ban samu gida a can ba, sai na kama haya a Gwarzo, ina zuwa aiki a kan babur ina dawowa. Gidan ƙasa ne mai sassa biyu. Ni da matata muna na ciki, wata malamar firamare 'yar Filato tana na waje. Mai gidan wani dattijo ne da kowa ke kira Alhaji. Iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna ya kama noma, amma bai rabu da shanu ba. Gidansa na jingine da namu ta baya, turken shanunsa kuma yana daidai gindin katangar da ta raba mu.

A tsakiyar damina katangar ta sha ruwa ta zauna. Da safe matata ta fito da buta, sai ga wani farin sa mai tozo yana kallon ta daga inda katanga take jiya. Ta koma ɗaki ta sako hijabi, ta ce, "Malam, ka je ka gaya wa Alhaji."

Na je. Alhaji mutum ne mai gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki da hanyar Kabo, ya tambayi mutanen garinmu da bai taɓa gani ba. Kafin mu gama an kawo fura da nono. Sai da na sha na ƙoshi sannan na tuna abin da ya kawo ni, kuma mutumin da ya ƙoshi da furar wani ba ya iya ɗaure fuska.

"Ai na gani, ɗana," in ji shi. "Amma katanga ba a gina ta da damina. Bari ruwa ya ɗauke."

Gaskiya ya faɗa, na dawo na gaya wa matata. Ya sa aka kafa zana a wurin. Kafin Juma'a san ya cinye rabinta.

Da ruwa ya ɗauke na koma, ya ce magina duk suna gona, a bari a gama girbi. Da aka gama girbi ya ce magininsa ya tafi Kara ɗaurin aure, kuma shi ba ya yarda da hannun kowa sai nasa. Ban san irin auren da aka ɗaura a Kara ba, amma maginin bai dawo ba. Shi kuwa san ya zama ɗan gida. Alhaji na jin tausayinsa, ba ya son ɗaure shi da rana, don haka yakan tsallako ɓaraguzan ya zagaya tsakar gidanmu. Ya cinye kuɓewar da matata ta shanya. Ya sha ruwan wanki. Wata rana ya tauna hannun rigata ta zuwa ofis a kan igiya.

Malama ce ta tare ni a zaure ina fitar da babur. Ta ce, "Malam, hayar da muke biya ba ta ɗaki kaɗai ba ce, har da katanga. Gyaran gini na mai gida ne. In ya ƙi, a je gaban mai unguwa, a yarda da shaidu mu gyara a cire daga haya. In wannan ma bai yiwu ba, akwai kotu."

Na ce mata na san haka. Na sani ɗin kuwa. Amma yaya zan kai ƙarar mutumin da ke ce mini ɗana? Ta dube ni yadda take duban ɗalibin da ya zo ba fensir, ta wuce makaranta.

Abin da ya warware maganar kanwa ce. Matata ta sayo ta a leda ta ajiye kusa da murhu, san ya zo ya haɗiye ta da ledar. Cikinsa ya kumbura, ya kwanta ya daina cin harawa. Alhaji, wanda maginin Kara ya gagare shi nemowa, ya samo likitan dabbobi kafin azahar. Da la'asar sai ga shi a zaurenmu da kansa, gaisuwar ma a taƙaice.

"Ɗana, ka yi wa iyalinka magana. A daina barin leda a tsakar gida, dabba ba ta da hankali."

Ina shirin ba shi haƙuri, sai matata ta gaishe shi daga bayan labule, cikin ladabi, sannan ta ce, "Baba, a tsakar gidan wa ya ci ledar?"

Alhaji ya hau gyara zaman hularsa. Malama ta leƙo ta ce ko a je wurin mai unguwa. Ga mamakina Alhaji ya ce a je, don shi a ganinsa shi aka yi wa ɓarna.

Mai unguwa tsohon abokinsa ne, tare suka yi ƙuruciya. Ya saurari Alhaji, ya saurari Malama, ni ma na ɗan tofa abin da ya samu. Sai ya ce gyaran katanga nauyin mai gida ne, wanda ya biya haya yana da haƙƙin gida mai sutura, iyalinsa su zauna ba a kallon su. Ya ce in Alhaji ba shi da hali yanzu, mu gina a cire daga haya, shi ne shaida.

"Ko kuma," ya ƙara, yana duban abokinsa, "tunda san naka ya tare a gidan, ya fara biyan nasa kason."

Alhaji ya yi ƙoƙarin kada ya yi dariya, bai iya ba. Ya ce ba wanda zai gina masa katangar gidansa yana raye. A makon aka sauke bulo da siminti, aka kawo wani magini daga cikin gari, ashe hannunsa ma ba laifi. Katangar ta fi ta da tsawo. San ya warke, Alhaji ya riƙa zagayawa da shi bakin hanya ana yi masa barka.

Bayan nan nakan ji shi a ƙofar masallaci yana ba dattawa labari, wai ya gina katanga ne don ya tsare dabbarsa daga sakacin 'yan haya. In ya hango ni sai ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, ɗana?"

Nakan ce, "Haka aka yi, Baba," in sa takalmina in wuce.