Ranar da Kawu ya dafa katako a tukunyata

Ina shiga madafa na tarar da Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, tsugune gaban tukunyar miyata yana tafasa guntayen katako biyu. Lokacin ina amarya a Haɗejiya, farkon shekarun saba'in, ruwa ya cika fadama.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Kawu, a tukunyata?"

Ya ce, "Tsaya ki gani, 'yar nan. Falankin jirgin ruwa na gaske, irin wanda ake manna falle-falle da gam, ko wuni ya yi yana tafasa, gam ɗinsa ba ya saki."

Ya tsamo su. Ɗaya na nan daram, ɗayan ya ɓare falle-falle kamar albasa.

Ya ce, "Wannan da ya ɓare, da shi mijinki ya haɗa sabon jirginsa. Falankin silin ɗaki aka sayar masa a Kano."

Wallahi washegari jirgin nan zai kai mu taron suna a Kirikasamma, ni da Inna mahaifiyata da ƙannena, kuma babu wadda ta iya iyo. Nan take muka fasa shiga jirgin.

Har yau kunyar tsawar da na yi masa nake ji. Ku fa, wa kuka taɓa yi wa faɗa alhali ranku yake ceto?