Rigunan da Ba a Dawo Ɗauka Ba

Goggona, yayar mahaifina, ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana wanki a tsohon zangon manyan motoci, kuma a iya sanina ba ta taɓa yafe wa wanda ya cuce ta ba. Ni ma ita na biyo, don haka mai neman labarin haƙuri ya ƙara gaba.

Ta ce lokacin da ta zo wurin, rijiya ce kawai da bishiya ɗaya da rumfar mai faci. Direbobi su tsaya, su zuba wa mota ruwa, su miƙe ƙafa, su wuce. Sai aka kafa teburin shayi. Daga shayi sai karta a gindin bishiya, daga karta sai giya a bayan rumfa, sai masu tiyo da jarka da ke zuƙe man mota da sanin direba. Can kuma aka jera ɗakunan kwano goma sha biyu a baya, aka zuba matan da duniya ta koro daga ko'ina. Goggo ba ta taɓa zagin matan nan ba. Ita ke wanke musu zanin gado, ta ce mai wankin zanin gado shi ya san wa ke cuta da wanda ake cuta.

In ka bi saiwar duk wannan, wurin mutum ɗaya take komawa, wato mai teburin shayin. Dakta ake ce masa, alhali ko ƙofar makaranta bai taɓa leƙawa ba. Ƙwayar hana barci yake murƙushewa a shayin direban da ya ga yana hamma, ba tare da ya gaya masa ba. Mutum ya sha sau uku, sau huɗu, sai ya ga ba ya iya riƙe sitiyari in babu ita, daga nan sai ciniki ya buɗe. Yana naɗe ƙwayar ne a takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ya murɗe bakinta biyu kamar alewa, sannan ya lanƙwasa wutsiya ɗaya ya cusa ta ƙarƙashi. Da ribar wannan ɗan ƙullin ya mallaki wurin cacar da ɗakunan baya.

Aikin Goggo kuwa ga yadda yake. Direba zai bar mata kayansa masu datti in zai tafi, ya karɓe su a wanke a goge in ya dawo. Ba ta iya karatu ba, sai take ɗinka ɗan zare a cikin wuyan kowace riga, kowa da kalarsa da yawan ƙullinsa. Kuma ba ta jiƙa kaya sai ta juye aljihu, abin da ta tarar ta ajiye wa mai shi a gwangwani. Ba ta taɓa haɗa rigar wani da ta wani ba.

Mahaifina direban tirela ne. Sannu-Sannu abokansa ke kiransa, don ko jaki ya sha gabansa ba zai danna hon ba. Uwata ta rasu tun ina goye, a ɗakin Goggo na tashi. Ina shekara bakwai, wata safiya ya shigo a gurguje, idonsa jawur, ya cire farar rigarsa ya jefa a kan tulin wanki.

“Yaya, ki sa mini bula a wannan ta yi fari tas, jibi zan dawo.”

“Kai, yaushe rabonka da barci?”

“Mai mota ya matsa, Yaya. In na sauke wannan lodin zan kwana biyu ina yi.”

Hantsi bai gama ɗagawa ba labari ya iso. A dogon gangaren da ke gaba, ido na ganin ido, tirelar ta miƙe ta bar kwalta. Waɗanda suka je sun ce ko alamar birki babu a titin. Goggo ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki rigar da bai daɗe da cirewa ba, ta juye aljihun kamar yadda ta saba, takardu bakwai masu ƙyalli suka zubo, duk babu komai a ciki.

Ta riƙe hannuna muka je teburin shayi, ta zube su a gaban Dakta. Har yau ina jin muryarsa.

“To, ni na ɗura masa? Ke dai wanki ne aikinki, ki tsaya a kan sabulu.”

Masu karta suka yi dariya. Ta kai ƙara wurin shugaban direbobi na lokacin, ashe shi ma da nasa ƙullin a aljihu, ya ce ƙaddara ce ta haƙura. Ta dawo ta ninke rigar ba tare da ta wanke ba, ta mayar da takardun cikin aljihun, ta ɗora a kan kantar sama. Daga ranar, duk rigar da ta tarar da takardar Dakta a cikinta, sai ta wanke ta goge, ta mayar da takardar. In mai ita ya dawo, ya ɗauki abinsa. In aka ce motarsa ta faɗi, rigar ta hau kantar sama. Masu su mutanen nesa ne, danginsu ba su ma san akwai kaya a wurin wata mai wanki ba. Kafin a yi sabuwar hanya zangon ya mutu, riguna goma sha tara ne a kantar.

Zango ya mutu, amma Dakta bai mutu ba. Ya koma bakin sabuwar hanya da gidajen mai da motocinsa, gemu ya yi fari, kyauta ta ko'ina. Ya daina sigari ya koma tsotsar minti. Waɗanda suka san asalinsa wasu sun mutu, wasu sun ci nasa sun yi shiru. Sai ƙungiyar direbobi ta gina sabon masauki, aka ce sunansa za a sa, a kuma naɗa shi uban ƙungiya. Da bakinsa ya ce duk mai wani tsohon abu na zangon da, hoto ko menene, ya kawo ranar buɗewa don yara su ga tarihi. Ya ƙara da cewa shi da teburin shayi kaɗai Allah ya ɗaga shi.

Ranar da na kawo wa Goggo wannan magana, na ga haƙoranta a waje, abin da na daɗe ban gani ba. Lokacin ina sana'ar ba da hayar kujeru da rumfuna, kuma ni aka ba aikin taron.

“Ɗiyata, ki sayo minti mai takarda mai ƙyalli, ki cika faranti, ki ajiye daidai inda zai zauna.”

“Goggo, maƙiyin namu za mu ba alewa?”

“Ke dai yi abin da na ce. Shekara nawa ina kallon hannun mutumin nan.”

Ranar taro aka yi ta jawabi har rana ta take, ana ta wanke shi tas, wankin da ko Goggo ba ta iya ba. Shi kuwa yana hakimce yana tsotsar minti. Da aka ce masu kayan tarihi su fito, wani ya kawo hoto, wani tsohon jak na ɗaga mota. Goggo ta ɗaura igiyar shanya tsakanin tireloli biyu, ta fara rataya riguna ɗaya bayan ɗaya, tana duba zaren wuya tana kiran mai ita.

“Wannan ta Mai Tanka ce, a gada ya faɗi. Wannan ta Gwauro. Wannan ta Ɗan Dogo, watansa biyu da aure.”

Kowace ta rataya, sai ta zaro takardar daga aljihu ta maƙale a ƙirjin rigar. Tsofaffin direbobi suka fara matsowa, don sun gane rigunan. Wani direba mai furfura a gemu ya kama hannun wata shuɗiyar riga, ya ce ta babansa ce, da ita ya fita ranar ƙarshe da ya gan shi, sai ya durƙusa a wurin. Ta ƙarshe ita ce farar da ta koma ruwan ƙasa, da takardu bakwai.

“Wannan ta ƙanena ce, Sannu-Sannu. Dakta, ka ce a kawo tarihi, ga shi na kawo.”

Ya yi murmushin manya, ya ɗauki abin magana.

“Baiwar Allah, tsufa ne, a yi mata uzuri. Takarda ai kowa na iya naɗe ta. Ni ban taɓa ganin irin wannan ba.”

“To, a duba gabansa,” in ji Goggo.

Aka duba. Takardun mintin da ya shanye suna zube a kan farin ƙyallen tebur, guda shida, kowace an murɗe bakinta biyu, an lanƙwasa wutsiya ɗaya an cusa ta ƙarƙashi. Ta bakwai tana tsakanin yatsunsa bai gama ba. Hali zanen dutse. Mai furfurar nan ya ciro takardar rigar babansa ya ajiye kusa da su, ko Dakta da kansa ba zai iya ware tasa ta yau da ta da ba. Dakta ya kalli hannunsa kamar na wani, ya yi sauri ya tura shi ƙarƙashin tebur.

Ba wanda ya taɓa shi, kuma ba a kai shi ko'ina ba, kada in yi muku ƙarya. Amma kafin la'asar an kwance allon sunansa, kuma babban ɗansa ya bar wurin ba tare da shi ba. A da duk motar da ta wuce gidansa sai ta gaishe shi da hon. Shekara uku ya ƙara a duniya, ba a sake danna masa ko ɗaya ba. Sau biyu yana aiko a nemar masa gafarar Goggo, ta ce ita ba ita ya kashe ba, ya je ya nemi masu rigunan. Wallahi na ji daɗin amsar nan, kuma har gobe ina ji.

Labari ya bi hanya, dangi suka riƙa zuwa suna karɓar rigunan, har kantar ta koma saura ɗaya. Wata safiya Goggo ta sauko da ita, ta ce in ɗebo mata ruwa a baho. Ta zauna a kan ɗan bencinta, ta jiƙa, ta sa sabulu. Cuɗa ɗaya ta yi yadin ya rabu biyu a hannunta, ta sake taɓawa ya ƙara yagewa, don shekarun sun riga sun cinye shi. Wuyan ne kaɗai ya tsira, da jan zarensa mai ƙulli ɗaya.

“Goggo, bar shi haka, ba abin da ya rage.”

Ba ta ɗago ba. Hawayen da ta riƙe tun ina shekara bakwai suna ɗiga cikin kumfar.

“Miƙo mini bula,” ta ce. “Ya ce in sa masa.”