Kambas Ɗin da Aka Yanka da Reza

Ko zan tsufa har haƙorana su zube in koma rayuwa da kunu, ranar wasan ƙarshe na gasar tanis ɗin nan ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce gasa ta farko da aka taɓa shirya wa 'yan matan makarantun Jega da Aliero da Maiyama, kuma wasan bibbiyu ne, biyu nan biyu can. Lokacin ina ƙaramar sakandare a Aliero, garin albasa, da kaɗan na fi raket ɗina tsayi, bakina kuwa ya fi filin wasan faɗi.

Abokiyar wasana taubashiyata ce, ɗiyar kawuna. Innata Bafulatana ce, wanta kuma makiyayi ne, rugarsu tana bayan gari. Tunda ita ɗiyar namiji ce ni ɗiyar mace, baiwa take kirana. In ce mata mai warin nono, ta ce gara nono da albasa. Malamar wasanni ce ta haɗa mu, ta ɗinke buhunan albasa ta ɗaura tsakanin dogonyaro biyu, ta ce ga raga. Tsarinmu ɗaya ne: ni a gaba ina tsalle da surutu, ita a baya tana gudu. Ƙwallon da ta wuce kaina ko waiwayarta ba na yi, don yarinyar da ta saba tare maraƙi a guje ba ƙwallo ce za ta tsere mata ba.

A wurinmu abin ya wuce wasa. An ce biyun da suka ci za a ɗauke su makarantar kwana a Birnin Kebbi, suna karatu suna horo. Kawu kuwa ya riga ya yanke cewa da an gama girbi zai tashi da shanu ya yi kudu, kuma da ɗiyarsa zai tafi, don ba ya barin ɗiya mace a gidan kowa, ko da gidan ƙanwarsa ne. Inna ta yi ta zarya ruga har ya sassauta. Ya ce in hukuma ce ta ɗauke ta da kanta ya yarda, in ba haka ba ta ɗaure kayanta.

Mun doke 'yan Maiyama, har ɗaya a cikinsu ta ce taubashiyata aljana ce. Saura wasan ƙarshe a Jega, a filin siminti, da wasu zaratan 'yan mata biyu da sai na ɗaga kai kamar mai neman jinjirin wata kafin in ga fuskarsu. Da yake manya za su zo kallo, aka ce ba mai shiga fili ba takalmi. Mu kuwa duk wasanninmu da ƙafa muka yi su. Malama ta aro mana kambas ta ba kowa nata tun ana gobe.

Ran wasan taubashiyata ta iso a makare, yayanta ya kawo ta a babur, kambas ɗin tuni yana ƙafarta. Da ta sauko na ga tana tafiya a karkace, na ce yau ga agwagwa an sa mata takalmi. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Baiwa, ke dai ki tsare ragarki."

Zagayen farko mu muka ci, ina ta rawar kai kamar ni kaɗai na yi aikin. A na biyu abubuwa suka fara lalacewa. Ƙwallo ta wuce kaina, in ji ta dira sau ɗaya, in ji ta sake dira, ba wanda ya mayar. 'Yan Jega sun riga ni ganewa, suka dinga aika kowace ƙwallo can kusurwa, inda sai an yi gudu. Da aka ba mu hutu na ga gumi ya jiƙa mata hijabi, leɓenta ya yi fari.

Na ce, "Ke, mi as same ki?"

Ta ce, "Ba komi."

Malama ta tambaye ta ko takalmin ne ke matsa ta, ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Muka yarda, muka koma fili da tsarinmu na kullum. Aka cinye mu zagaye na biyu, aka cinye mu na uku. Ƙwallon ƙarshe ta kai gare ta, ban san da wace ƙafa ba, ta buga, ƙwallon ta faɗa cikin raga.

Muna zaune gindin bishiya ana can ana tafa wa 'yan Jega, Malama ta ce mu cire kambas ɗin mutane. Nawa ya fita, nata na hagu ya ƙi. Aka ja, aka murɗa, ita ko uffan. Sai da Malama ta karɓo reza wurin wani mai tebur ta tsaga shi. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, farcen babban yatsa ya ɗaye, jini ya daskare har tafin ƙafa. Ashe da safe wajen tatsa saniya ta taka ta, ta cusa ƙafar a takalmi ta taho.

Malama, idonta cike da ƙwalla, ta ce da taubashiyata ta gaya mata ai da an ɗaure ƙafar, an mayar da ita gaba kusa da raga, ni in koma baya in yi gudun. Taubashiyata ta ɗago ta dube ta.

"In ce ina jin ciwo, Malama? Gaban mutane?"

A gida Inna ta ce mini wannan shi ne filako. Ɗiyar ruga tun tana ƙarama ake koya mata kada ta nuna ciwo ko yunwa a idon jama'a, kuma ita ma da ita ce, haka za ta yi. Duk da haka ta yafa mayafi ta koma wurin kawu, ta ce ya dubi ƙafar, ya san ba gazawa ba ce. Ya duba, ya jinjina kai, ya ce ɗiyarsa ta yi abin da ya kamata, amma maganarsa ɗaya ce.

Bayan girbi suka tashi. Na raka su har bakin hanyar Giwa Tazo. An ɗora ta a kan jaki tsakanin ƙorai da tabarmi, don har lokacin ba ta taka ƙafar sosai. Na shirya tsokana kala-kala a hanya, ko ɗaya ba ta fito ba. Makaranta kuwa daga nan ta ƙare mata. Sai jefi-jefi take kirana a wayar yayanta, in tambayi lafiyarta, amsar ba ta canzawa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, akwai mutanen da bakinsu ba zai taɓa gaya maka ciwonsu ba, kuma tsayawa kusa da su bai isa ba in ba ka dube su. Yanzu duk wanda nake ƙauna in ya ce mini ba komi, ba na tashi daga wurin sai ya cire takalmi na gani.